Sunan Martins a Bakin Rumbu

Godogodo, watan Agusta

Jikata Faustina,

Rabona da in sa a rubuta min takarda tun shekarar da kasuwar Kafanchan ta ƙone, lokacin da na aika wa kakanki a Jos cewa muna raye. Shi ɗin ma ya riga ni tafiya, ƙanen da na goya a bayana. Yau na sake zama, maƙwabcina Malam Leonard ya sa tabarau, ya ce in yi magana a hankali don hannunsa ya yi ritaya tare da shi.

Ina gaishe ki a cikin sunan Ubangiji. Yaya Sabon Tasha, yaya karatu? Mu nan da godiya. Gwiwa ce dai ke min gardama, ni ma ina mata. Ruwa ya wadata, doya ta yi kyau, dawa ta kai ƙugu.

Za ki ce me ya hana ni kiran ki a waya. Ba zan kira ba. Maganar waya iska ce, ka faɗa yau, gobe mutum ya ce ba haka ka ce ba. Sambo direba, mai kai doya Kaduna, shi zai miƙa miki wannan, shi kuma za ki ba amsa.

Uwarki ta ce asibitin da kike aikin nas sun tura ki kwas na koyon kula da masu ciwon hankali. Da na ji sai da na yi dariya, na ce ashe hauka ma ta samu makaranta. Yanzu na daina dariyar. Maganar autana ce, Martins.

Kin zo jana'izarsa, amma bari ki ji daga bakina. Daminar bara waccan 'yan bindiga suka same su a gona, bakin rafi. An tsinci gawar mutum biyu. Gawarsa kuwa ba a gani ba, sai rigarsa cikin jini da takalmin roba ƙafa ɗaya. Muka jira, muka nema, muka gaji. Muka sa rigar da fartanyarsa a akwati, fasto ya yi addu'a, muka binne a bayan gida, aka zuba siminti aka rubuta suna. Matarsa Endurance ta sa baƙi.

Bara da bazara, rana tsaka, sai ga mutum a ƙofar gida, ƙashi da fata, gemu har ƙirji. Mata suka watse da ihu. Ni na je na kama hannunsa. Da ɗumi.

Da farko ba laifi. Bai faɗi abin da ya gani a daji ba, mu ma ba mu tambaya ba. Yana ɗan zuwa gona, yana ɗaukar ɗansa Kevin a wuya. Amma tun bayan girbin bara ya juye. Ya daina shiga ɗaki. Da gari ya waye zai je ya zauna a kan simintin nan, a kan sunansa, har rana ta faɗi. In Endurance ta kai masa tuwo sai ya ce, “Ki daina ɓata hatsi, matacce ba ya ci.” Sai ta ajiye ta juya baya, sannan ya ɗan tsakura kamar tsuntsu. Ba ya zagi, ba ya duka. Da yana zagi ma da na fi samun sauƙi.

Mutanen unguwa sun ce ba shi ba ne, fatalwarsa ce ta dawo. Babu mai sa hannu a kwano ɗaya da shi. Ranar da muka ja shi zuwa coci, bencin da ya zauna ya zama kamar an share. Fasto ya yi azumi a kansa. Mai magani daga wajen Kagoma ya turara shi har ya yi tari. Shiru.

Haƙarƙarinsa yanzu ana gani daga nesa. In aka ci gaba haka, ramin da muka binne riga zai samu mai shi.

To ga abin da nake so. Ki aiko da ƙwayar da kuke ba irin su, mai ƙarfi, ta hannun Sambo. Kada ki aiko min da wa'azi, ina da fasto.

Kakanki,
Silvanus

*

Sabon Tasha, farkon Satumba

Kaka,

Na amsa gaisuwa, na gode Allah da kuke lafiya. Ka gaishe min da Malam Leonard, ka ce masa rubutunsa har yanzu ya fi na likitocinmu kyau. Gwiwar nan kuwa, tsoho, in ka daina hawa rumbu kamar saurayi za ta bar ka. Ni lafiya, sai wahalar mota kullum daga Sabon Tasha zuwa asibitin da ake koya mana.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin tasha. Uwata ta ce min Baba Martins ba shi da daɗi, ban san ya kai haka ba.

Ƙwaya ba zan iya aikowa ba. Ba rowa ba ce. Maganin hankali ba kamar na ciwon kai ba ne da za a saya a kemis. Sai likita ya ga mutum, ya ji shi, ya auna, sannan a riƙa duba shi. Wanda ya rame haka, ƙwaya mai ƙarfi tana iya kwantar da shi gaba ɗaya. Akwai ranar da ake ganin masu irin wannan ciwo a asibiti a Kafanchan, can ya kamata ya je. Amma mutumin da ya yarda ya mutu ba zai hau mashin zuwa asibiti ba, kuma in an ɗauke shi da ƙarfi an ƙara masa wani dajin.

Kaka, ba fatalwa ba ne. Ciwo ne, kuma na gan shi da idona. A nan akwai wata uwa da ta ce cikinta babu komai, hanjinta sun ruɓe, ita gawa ce. Da magani da zama da ita, shekaranjiya ta nemi a ƙara mata kunu. Mutum in ya ga abin da ya fi ƙarfin zuciya, wani lokaci hankali yakan rufe ƙofa ya zauna a duhu.

Ka san abin da aka fara koya mana? Shiru. Aka zaunar da mu biyu-biyu, ɗaya na magana, ɗaya ba shi da izinin ba da shawara ko cewa “yi haƙuri”. Na ce a raina, da za a kawo Kaka Silvanus ajin nan da ya faɗi jarrabawa tun ranar farko.

Kafin in samu hutu in zo, ga abin da nake roƙo. Kada a yi masa gardama cewa yana raye, gardama ba ta shiga. A ɓoye maganin ciyawa da na ƙwari duk da ke gidan. Kada a bar shi shi kaɗai, a sa masa ido.

Sai tambaya ɗaya. Ka ce tun bayan girbin bara ya juye. Ina tuna ina ƙarama da aka kawo mu gida, kafin a ci sabuwar dawa kana zama a bakin rumbu kana kiran sunayen waɗanda suka rasu a gidanmu da yare, ɗaya bayan ɗaya, kana zubar da ɗan tsaba ga kowane. Baba Martins yana durƙushe kusa da kai yana bin ka a hankali, don shi kake koya wa. Shekarar da aka binne akwatin, na san ka sa sunansa. Bara fa, da yana tsaye a gidan?

Jikarka,
Faustina

*

Godogodo, watan Oktoba

Faustina,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna nan. Ruwa ya fara ja da baya, dawa ta fitar da kai. Endurance ta yi zazzaɓi ta tashi.

Takardarki ta yi kwanaki a aljihun Sambo, motarsa ta lalace a hanyar Kachia har sai da aka nemo ƙarfe daga wani gari. Kafin ta iso abu ya faru. Wata safiya ba a ga Martins a kan simintin ba. Matan da suka je wanki suka same shi a rafi, daidai inda aka tsinci rigarsa, yana tsaye cikin ruwa har ƙirji, ido buɗe. Samari suka jawo shi. Bai yi kokawa ba. Ya ce sanyin ruwan bai taɓa shi ba, wai shi ke nan shaida.

Bayan kwana kaɗan Leonard ya karanta min abin da kika ce, kada a bar shi shi kaɗai, a sa masa ido. Na ce yarinyar nan ta yi gaskiya. Amma lokacin aiki ne, kowa yana gona, ido nawa gare mu? Sai muka sa masa igiya a ƙafa muka ɗaure a mangwaron da ke kusa da kabarin. Mai tsawo ce, yana kaiwa inuwa, yana kaiwa simintin. Ni na ɗaura da hannuna don kada wani ya matse. Maganin ciyawa kuma na kai ɗakin Leonard. Kin ga mun bi maganarki.

Yanzu tambayarki. Leonard ya ce in sassauta murya, na ce rubuta yadda na faɗa.

E, na kira. Bara na zauna a bakin rumbu na fara daga Bako, wanda ya sari dajin nan ya kafa gida, na bi su duka, maza da mata da jariran da ba su yi wata ba, na zo kan kakanki, na zo kan matata, na rufe da Martins. Yana tsaye a bayana. Na ji lokacin da ya ajiye ƙoƙon da ke hannunsa.

Kina tsammani daɗi na ji? Ke ba ki san abin ba, kun tashi a birni. Sunan da ya shiga bakin rumbu ba ya fita. An riga an zuba masa tsaba, waɗanda suka riga mu sun matsa sun ba shi wuri. In ka tsallake, wurin yana nan a buɗe, kuma ba ya kwana biyu a buɗe. Ina yaro, yayan ubana ya tsallake sunan wata mata don sun rabu da faɗa. Kafin a share masussuka ƙyanda ta ɗauki 'yarsa. Ni na riƙe fitila aka haƙa ramin. Za ki ce ƙyanda ce. Na sani ƙyanda ce. Me ya sa ta wuce ƙofar kowa ta shiga gidansa?

Ni Kirista ne, an yi min baftisma kafin a haifi ubanki. Fastoci sun zo sun wuce, kowane ya kau da ido daga rumbuna, don sun san ba tsafi nake ba, tunawa nake. Ban iya karatu ba. Sunayen nan su ne littafina, kuma ban taɓa yaga shafi ba.

A gidan nan ƙaramin da ya rage Kevin ne. In na cire uban, wa kike so ya shiga? Ku a makarantarku an koya muku wannan?

Dawa za ta nuna cikin watan gobe ko na bayansa. Zan zauna a bakin rumbu kamar kullum.

Silvanus

*

Sabon Tasha, ƙarshen Oktoba

Kaka,

Ina gaisuwa da ladabi. Na gode Allah da Anti Endurance ta samu sauƙi. Ka yafe min, yau gaisuwata gajeriya ce.

Ban ce igiya ba. Kaka, ban ce igiya ba. Na kwana ina juya maganar da na rubuta, ina jin haushin hannuna. Nufina mutum ya zauna kusa da shi, mai numfashi, ko da ba zai ce komai ba. Da na san yadda za ta iso da na cika takarda biyu a kanta.

A nan, in an kawo sabon mara lafiya daga ƙauye, idon ƙafarsa muke fara dubawa. Da yawa akwai tabo zagaye, kamar munduwa. Ciwon yakan warke, amma sai ka ga mutum ya samu sauƙi ya ƙi komawa gida, don ya tuna wanda ya ɗaura. Kuma ka tuna daga ina Baba Martins ya dawo. Ba mu san abin da aka yi masa a daji ba, amma da wuya a ce babu igiya a ciki. Ka ce bai yi kokawa ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Na san ka ɗaure shi ne don kada rafi ya ɗauke maka shi. Ban ɗauke ka mugu ba. Amma ka kwance shi, don Allah. Ka ce kowa yana gona. Kai fa? Gwiwarka ta riga ta sallame ka daga noma, kai ne kake ƙi.

Maganar rumbu kuwa, ban isa in ce maka ƙarya ce ba. Ban riƙe fitila a bakin ramin yarinyar nan ba. A makaranta ba a koya mana inda matattu suke zama ba, kuma malamarmu ta ce wanda ya shiga gida ya fara da rushe abin da mutane suka dogara da shi, a ƙofa zai tsaya. Kai ka san dokar, kai za ka san ko tana da wata hanya. Abin da na sani shi ne na rayayyu. In ya sake jin sunansa a bakinka bana, ba na jin igiya za ta riƙe shi.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma ya fi noma wuya. Ka ɗauki kujerarka ka je wurinsa. Kada ka ce masa ya ci abinci, kada ka ce ya tuna ɗansa, kada ka yi wa'azi, kai ma ka ce kana da fasto. Ka tambaye shi me yake ji, sannan ka rufe baki. In ya yi shiru, kai ma ka yi. In ya fara magana, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, an tabbatar mana. Sau da yawa ita ce ke sa ya ji an gan shi.

An yarda min hutu a makon farko na Disamba. Na yi magana da wata nas a Kafanchan, za ta karɓe mu. Kada ka zauna a bakin rumbu kafin in zo.

Jikarka da ba ta da kunya, amma tana son ka,
Faustina

*

Godogodo, watan Nuwamba

Faustina,

Muna lafiya. An fara yankan dawa a gonakin tudu.

Na ji saƙonki. Yarinyar da na wanke wa majina ce yau take koya min rufe baki. Ban kwance igiyar ba. Ke kina Kaduna, in ya koma rafi ba ke za ki shiga ruwa ba. Dawa kuma ba ta jiran hutun gwamnati.

Ba ni da sauran magana.

Silvanus

Faustina, ni Leonard ne na ƙara wannan bayan ya tashi. Ya sa na maimaita masa takardarki har na kusa haddace ta. Jiya na ga kujerarsa ta ɓace daga ƙofar gida. Ban tambaya ba.

*

Godogodo, ƙarshen Nuwamba

Jikata Faustina,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Muna lafiya. An gama yanka, an sussuka, dawa tana rumbu, ba a taɓa ko tsaba ɗaya ba. Endurance tana ta nuna min tukunya da ido. Sambo ya ce zai tashi jibi, don haka wannan za ta riga ki ko ku haɗu a hanya.

Kujerar da Leonard ya yi miki gulmarta, e, bayan gida na kai ta. Kada ki yi murna, ba don kin faɗa ba ne, inuwar mangwaron ce ta fi.

Ranar farko na zauna, na ce, “Martins, me kake ji?” Bai ko ɗaga kai ba. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi kamar na ci gwaza ɗanye. Na danne. Kashegari haka. Na riƙa zuwa da safe da kunu na, in sha a gabansa, in yi shiru. Ban taɓa sanin bayan gidana yana da ƙara haka ba, kaji, ganye, ƙudan zuma. Kuma a cikin shirun na fara jin leɓensa yana motsi. Na kasa kunne. Sunayen ne. Daga Bako yake farawa, da yare, bai kuskure ko jariri ɗaya ba. In ya zo ƙarshe sai ya faɗi nasa, ya tsaya, ya sake komawa kan Bako.

Shekaranjiya ya yi magana. Bai kalle ni ba, simintin yake kallo. Ya ce, “Baba, a daji mu da yawa ne a ɗaure. Wasu suna kuka, wasu sun manta sunan garinsu. Ni kullum sai in kira mutanen gidanmu yadda ka koya min. Ina cewa muddin ina kiran su, ni ba na cikinsu. Mai kira daban, waɗanda ake kira daban. Da shi na rayu. Da na gudo, da shi na gane hanya.”

Na danne bakina da hannu.

Ya ce, “Na dawo mutane suna gudu na, ban damu ba, na ce Baba ya taɓa ni, ya san da ɗumi. Sai ranar rumbu na ji ka. Kai ba ka taɓa kuskure a sunayen nan ba. Ka fi ni sani. Sai na gane a dajin na mutu, ban lura ba ne.”

Na yi masa tambayar da kika ce, da ƙyar ta fita. Ya ce shi ba ya neman kashe kansa, wanda ya mutu me zai kashe, yana dai jiran jikin ya gane ya kwanta. Ki ajiye wannan ki faɗa wa nas ɗinki, Leonard ya rubuta daidai yadda ya faɗa.

Na sunkuya na kwance igiyar. Akwai wani tsohon tabo a ƙarƙashin inda na ɗaura. Ban gan shi ba ranar da nake ɗaurawa. Ko na gani ban duba ba.

Tun ranar nake juya dokar kamar mai neman ƙofa a jikin dutse. Ba zan tsallake suna ba, Faustina, har yanzu ina kan bakana. Bakina ba zai yi ba. Amma yaron ya faɗi abin da ni ma na sani tun ina durƙushe kusa da ubana. Mai kira ba ya kiran kansa. Ba a taɓa yi ba tun daga Bako. To bana ba ni zan kira ba. Na tsufa, haƙora sun zube, waɗanda suka riga mu ma sun gaji da muryata. Martins zai zauna a bakin rumbu, ni in durƙusa a gefe in riƙe masa ƙoƙo. In ya zo kan uwarsa, nan zai rufe.

Saura wurin da aka buɗe. Wannan na gama shawara. Na riga na je bakin rumbu na faɗa musu da yare, a bar wurin, yana da mai shi, yana tafe, gwiwa ce ke ja masa lokaci. Kada wanda ya kalli Kevin. Ni Silvanus na kama wurin. Leonard ya ajiye alƙalami yana share tabarau, na ce masa rubuta, ba yau zan tafi ba, sai na ga bikin jikata Faustina.

Jiya na faɗa wa Martins. Sai ya ce, “In na kira kuma na ji ba kowa a ciki na fa?” Na kusa ba shi amsa. Na tuna jarrabawarku, na ce, “Ban sani ba. Zan zauna kusa da kai.” Bai ce e ba. Bai ce a'a ba. Har yanzu ƙashi ne, har yanzu yana kwana a waje, ni kuma na shimfiɗa tabarmata a ƙofar da zan gan shi. Ban ce miki ya warke ba. Asibitin Kafanchan ɗin za mu je in kin iso, Sambo ya ce zai kai mu a gaban mota don kada a ɗora shi a mashin. Ƙwayar ma in likita ya ba shi, ni zan riƙa miƙa masa. Amma rumbu ba zai jira ki ba, na gaya miki.

Na aro guduma wurin mai gini, tana jingine a ƙofata. Gobe da safe, kafin a buɗe rumbu, zan fasa simintin nan a gaban duk wanda ya zo kallo. Rigar ta zauna inda take, amma fartanyar zan ciro, ta mai rai ce, akwai kunyar doya da ke jiran ta. Sannan Endurance za ta kawo tuwon tsohuwar dawa a kwano ɗaya, ba biyu ba. Zan wanke hannu in zauna a ƙasa gabansa, in sa hannuna a ciki, kuma ba zan cire ba sai nasa ya shigo.

Kakanki,
Silvanus